Yadda ake zama malamin jami'a mai horar da malamai da nazarin manhaja a arewacin Kamaru

Aikin nan kashi uku ne a hannun mutum ɗaya. Za ka koyar da waɗanda za su riƙe alli gobe, za ka yi bincike ka wallafa, wata rana kuma za a kira ka zaman da ake rubuta manhaja ko ake tantance littattafan makaranta. Da kashi na biyu jami'a take ƙara wa mutum girma, amma na farko da na uku ba sa yiwuwa sai ga wanda ya san aji da idonsa, irin ajin SIL, wato ajin farko na firamare, mai cunkoso a wata unguwar Marwa, inda malama take bayani da Faransanci yaran kuma suna raɗa da Fulatanci da Hausa da Giziga. Shawararmu tun daga farko ita ce ka gina takardunka da bincikenka a kan aji, kuma ka riƙe layi ɗaya daga lisans, wato digirin farko, har zuwa tez, wato kundin binciken digiri na uku. Abu biyu ne suka fi tsayar da mutane a wannan hanya: takardun karatu da ba sa bin juna, da batun binciken da ba ya bincikuwa.

Ƙofofin shiga

A arewa, ENS ta Marwa ce babbar cibiyar horar da malaman sakandare, kuma da ita Jami'ar Marwa ta soma aiki bayan an kafa ta a 2008. Jami'ar Ngaundere tana da tsangayar nazarin ilimi, Jami'ar Garwa kuma sabuwa ce, an kafa ta a 2022. A kudu akwai ENS ta Yawunde wadda ta girme su duka, da tsangayar ilimi ta Yawunde I mai sashe na musamman kan manhaja da auna fahimta da wani kan dabarun koyar da darussa. Mai jin Ingilishi yana iya dubawa Buea ko Bamenda.

Hanyar farko ita ce daga bak, wato jarrabawar kammala sakandare, kai tsaye zuwa tsangaya a tsarin LMD: lisans shekara 3 da kiredi 180, masta shekara 2 da kiredi 120, sannan digiri na uku wanda ba ya kasa shekara 3. Kuɗin rajista na karatun gama-gari a jami'o'in gwamnati sefa 50,000 ne a shekara. Hanya ta biyu ita ce kwankur, wato jarrabawar gasar shiga ENS. Zagaye na farko shekara 3 ne, ana fita da DIPES I, takardar shaidar koyarwa a sakandare. Zagaye na biyu shekara 2 ne bayan lisans, ana fita da DIPES II, ko DIPCO ga masu ba ɗalibai shawara, ko DIPEN II ga waɗanda suka karanta ilimin tarbiyya. Wannan na ƙarshe shi ya fi kusa da batunmu, domin mai shi yana koyarwa a ENIEG, wato ya riga ya zama mai horar da malaman firamare. Hanya ta uku ta fi tsawo, kuma muna ganin girmanta ƙwarai: mutum ya fita ENIEG da CAPIEMP, takardar shaidar koyarwa a firamare, ya koyar a firamare, ya ci gaba da lisans yana aiki. Irinsu sukan zo masta da tambayoyin da babu littafin da zai ba su.

Inda ake yawan yin tuntuɓe shi ne ɗaukar DIPES II ko DIPEN II a matsayin tikitin digiri na uku. Takardun sana'a ne, kuma makarantar digiri na uku galibi tana neman mastan bincike mai memuwar, wato kundin bincike, da aka kāre a gaban juri, wato kwamitin masana, da maki mai kyau, sau da yawa 12 cikin 20 zuwa sama. Kafin ka biya ko dala, je sashen da kake so ka tambayi shugabansa a wace shekarar masta za a sa mai takarda irin taka, ka kuma nemi sanarwar zaɓe ta wannan shekara ka karanta da kanka, saboda sharuɗɗan suna canjawa.

Tuntuɓe na biyu shi ne tsalle-tsalle: lisans a labarin ƙasa, masta a nazarin zaman jama'a, tez a manhaja. Ranar da aka buɗe gurbin aiki, kwamiti yana duba ko karatunka ya bi layin gurbin, kuma irin wannan dosiye, wato fayil ɗin takardun mutum, yakan faɗi ko da mai shi haziƙi ne. Idan lisans ɗinka na lissafi ne, ko Faransanci, ko Larabci, ko kimiyyar halittu, kada ka yar da shi. Ka nufi dabarun koyar da wannan darasin. Sassan ENS suna buƙatar wanda ya san darasin kansa ya kuma san inda yara suke rikicewa a cikinsa, kuma samun irin wannan mutum ya fi wuya a kan samun mai ilimin tarbiyya na gama-gari.

Shekarun aji

Ka yi aƙalla shekara biyu ko uku kana riƙe da aji naka, daga Satumba har Yuni, kana shirya darasi, kana gyaran takardu, kana cika kaye-da-tekis, wato littafin da ake rubuta darussan da aka koyar a aji. Ɗaliban ENS suna gane malamin da bai taɓa riƙe aji ba tun a makon farko, daga irin misalan da yake kawowa. A waɗannan shekaru ka ajiye littafi guda na musamman. Duk darasin da ya ƙi shiga, rubuta ranar, da ajin, da yawan yaran da suka zo, da ainihin amsar kuskuren da suka bayar, kalma da kalma. Daga cikin wannan littafi batun masta yake fitowa.

Idan ma'aikacin gwamnati ne kai a ƙarƙashin MINESEC, ma'aikatar ilimin sakandare, ko MINEDUB, ma'aikatar ilimin firamare, kada ka bar wurin aiki ka tare a jami'a ba da izini ba. Ana dakatar da albashi a kan haka, kuma tabon yana bin dosiye. Rubuta takardar neman izini, ta bi ta hannun shugaban makarantarka zuwa delege, wato wakilin ma'aikata, na yanki, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Wannan al'ada ta ajiye kwafi mai hatimi za ta yi maka amfani har ranar ritaya.

Batun bincike

A kowace makaranta manhaja uku ce take aiki. Akwai wadda ma'aikata ta rubuta, akwai wadda malami ya koyar a zahiri, akwai kuma abin da ya zauna a kan yaro. Mai nazarin manhaja yana aiki ne a giɓin da ke tsakaninsu, kuma a jihohin Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, waɗanda duk suna cikin yankunan da gwamnati ta ware don fifiko a ilimi, giɓin yana da faɗi.

Dubi kaɗan daga abin da ke jiran mai bincike. MINEDUB ta fitar da sababbin manhajojin firamare a 2018 bisa tsarin ƙwarewa da ake kira APC, sakandare kuma ta shiga tsarin tun kafin nan da darussan da ake farawa da wani yanayi na rayuwa. Tsarin yana son aikin rukuni da kayan aiki da lura da kowane yaro. Me malamin da iyaye suke biya, wanda bai taɓa shiga ENIEG ba, yake yi da wannan tsari a ajin da yara suke zaune a ƙasa? Dokar ilimi ta 14 ga Afrilu 1998 ta ambaci raya harsunan ƙasa, an sa darasin harsuna da al'adun ƙasa a manhaja, aikin PROPELCA na Maurice Tadadjeu ya gwada koyarwa da harshen uwa tun 1981, shirin ELAN na koyarwa da harsunan ƙasa tare da Faransanci kuma ya haɗa da Fulatanci. To, a ajin Kusuri inda ake jin Larabcin Shuwa da Kotoko da Hausa da Musgum, wane harshe malami yake komawa gare shi idan bayani ya cije, kuma sau nawa? Ga yaran da suke makarantar allo da asuba da dare suna boko da rana, waɗanda suka iya haddace dogon nassi kuma suka saba rubutu daga dama zuwa hagu. Ga makarantun Faransanci da Larabci. Ga sansanin Minawao kusa da Mokolo, da aka buɗe a 2013, inda yaran Nijeriya suke karatu a ƙasar Kamaru. Ga makarantun da rikici ya rufe a Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga da Logone-et-Chari, da waɗanda ambaliya take korar yaransu a wajen Yagwa. Wanda ya tashi cikin waɗannan harsuna yana da abin da baƙon mai bincike ba shi da shi: yana jin abin da yara suke faɗa wa juna a bayan aji.

Sai dai duk waɗannan fagage ne, ba su zama batu ba tukuna. “Matsalolin APC a Kamaru” ba ya bincikuwa. Batu yana buƙatar aji ɗaya ko mataki ɗaya, darasi ɗaya, wuri sananne, da abin da za a iya gani ko ƙirgawa. Misali: yadda malaman CP, wato aji biyu na firamare, a makarantu takwas na wata gunduma suke sauya harshe a darasin karatu, da alaƙar hakan da yawan kalmomin da yaro yake karantawa daidai a minti ɗaya. Gwajin batu mai sauƙi ne. Ka iya faɗa wa daraktan firamare shi cikin jimla biyu ya gane, kuma ka iya faɗin takarda ko rikodin da za ka riƙe a hannu ranar da ka dawo daga fili. Batun masta kuma ya zama wanda tez za ta faɗaɗa, domin sauya fage bayan masta yana cin shekara guda cur ta sabon karatu.

Game da karatun tushe, kana tsakanin al'adu biyu kuma dole ka san duka. Ta Faransanci tana da ƙarfi a dabarun koyar da darasi: Chevallard kan yadda ilimin masana yake sauya kama kafin ya isa aji, Brousseau kan lissafi, Roegiers da Jonnaert kan ƙwarewa, waɗanda tunaninsu ya shiga gyare-gyaren manhaja a ƙasashen Afirka masu Faransanci. Ta Ingilishi tana da Tyler da tambayoyinsa huɗu na 1949 kan manufa da abin koyo da tsari da aunawa, da Shulman wanda ya nuna a 1986 cewa sanin darasi daban, sanin yadda ake koyar da shi daban. Ka koyi karanta Ingilishi ko da ba ka iya magana da shi sosai. Ka karanta rahotannin PASEC, shirin auna fahimtar 'yan firamare a ƙasashen Afirka masu Faransanci, na 2014 da 2019, waɗanda Kamaru da Cadi duka suka shiga. Kuma ka karanta manhajar kanta daga bango zuwa bango. Abin takaici ne a ga mai tez kan APC bai taɓa buɗe takardar hukuma ba, sai abin da wasu suka ce a kanta.

Fita fili

Izini yana saukowa ne daga sama. Karɓi takardar shaidar bincike daga sashenka, kai wa delege na jiha, sannan na yanki, sannan sufeton gunduma idan firamare ce, kafin darakta. Ka ba wannan zagaye wata guda. A ƙauye ka gai da lawan ko jauro kafin ka shiga makaranta. Idan makarantar allo ce, a samu wanda alaramma ya yarda da shi ya gabatar da kai, ka zauna ka saurara sau biyu ko uku kafin ka fito da takarda ko na'ura.

Kalandar makaranta ita take mulkin bincikenka. Makonnin farko na Satumba yara ba su gama zuwa ba. A yankunan karal, wato ƙasar laka, dashen masakwa, dawar rani, yana kwashe manyan yara a wajen Oktoba, tsinkar auduga kuma tana biyo baya. Ranar kasuwar gari aji yakan ragu. Farkon Fabrairu atisayen bikin matasa na ranar 11 yana cinye darussa, Maris da Afrilu zafi yana wuce digiri 40 a Marwa da Garwa, daga Mayu kuma hankalin kowa ya koma bikin ƙasa na ranar 20 da jarrabawar CEP ta kammala firamare da BEPC ta tsakiyar sakandare da bak. Lokacin da ya fi tsabta shi ne daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Disamba, da rabin Janairu. Wanda ya rasa wannan dama sau da yawa sai ya jira shekara mai zuwa.

Kada ka dogara da takardar tambayoyi kaɗai. In ka tambayi malami ko yana amfani da APC zai ce e, domin ya san amsar da hukuma take so, kuma yana iya zaton sufeto ne ya turo ka. Gani ya kori ji. Zauna a bayan aji, ka ga kowane malami aƙalla sau uku. Zuwan farko darasin baƙo za a yi maka, wanda aka shirya aka maimaita, saboda haka kada ka ƙirga shi. Raba takardar lura zuwa gidaje na minti biyar-biyar, a kowane gida ka rubuta wa yake magana, da wane harshe, me ke kan allo, yara nawa suke rubutu. Ɗauki murya da izini, ka ajiye wayar kusa da malami. Juyar da awa ɗaya ta rikodi zuwa rubutu takan ci awa shida ko fiye idan harsuna sun cakuɗa, don haka darasi 20 da aka rubuta da kyau sun fi 60 da suke kwance a waya. Ka rubuta bayanan kowace rana kafin ka kwanta, ka kwafi fayiloli wuri biyu a daren.

Idan za ka auna karatu irin na EGRA, gwajin iya karatu na ƙananan azuzuwa, yaro ɗaya-ɗaya ake yi, wajen minti 15 kowanne, wato mai gwaji ɗaya ba zai wuce yara 16 a safiya ba. Umarnin a ba shi da harshen da yaro yake ji. A fassara shi, a ba wani da bai ga na asali ba ya mayar da shi Faransanci, a kwatanta. A gwada kayan aikin a kan mutum kamar 30 a makarantar da ba ta cikin samfur. KoboCollect na tattara bayanai a waya yana aiki ba intanet, jamovi da R na lissafin ƙididdiga kyauta ne. Sunayen yara da na malamai ba sa shiga tez, lamba ake ba su.

Kuskure biyu na lissafi suna rusa aiki mai kyau. Na farko, yara 300 daga aji uku ba mutum 300 masu zaman kansu ba ne, domin malami ɗaya da allo ɗaya suka haɗa kowane ɗari. Ƙara yawan azuzuwa ya fi ƙara yawan yara a aji. Na biyu, gwada sabuwar dabara a aji, a auna kafin da bayan, a ga ci gaba, a ce dabarar ce. Yara suna ci gaba cikin wata uku ko da ba a canja komai ba. Sai da ajin kwatanci mai kama da shi magana take tsayawa.

Ke kuma 'yar'uwa mai wannan niyya, akwai ƙofofin da ke kaɗai za a buɗe wa: hira da iyaye mata a cikin gida, da 'yan matan CM2, ajin ƙarshe na firamare, kan dalilin da ba sa wucewa sakandare, da malamai mata kan turin aiki zuwa ƙauyuka masu nisa. Zaɓi makarantun da za ki iya zuwa ki dawo a yini, ki daidaita lokacin fili da iyali tun kafin a soma, domin shi ne sashen da ba ya ɗaguwa.

Mai kula da tez, da kāre ta

Tez tana buƙatar mai kula da ya kai matsayin Maître de conférences, wato matakin da ke ƙasa da farfesa, ko farfesa. Kafin ka roƙi kowa, karanta maƙalarsa biyu, ka halarci zaman kāre tez na ɗalibansa tunda a buɗe ake yi, ka tambayi tsofaffin ɗalibansa wata nawa babi yake yi a hannunsa. Babban suna mai ɗalibai da yawa da muƙamin ofis yana iya riƙe babinka rabin shekara. Idan gwanin fanninka yana Yawunde kai kuma kana Garwa, nemi a haɗa maka mai kula na biyu a kusa. Kai masa babi ɗaya-ɗaya, an buga an sa lambar shafi. Bayan kowace ganawa aika masa taƙaitaccen saƙo cikin ladabi: “Farfesa, ga abin da na fahimta mun tsayar, ga ranar da zan kawo gyara.” Wannan yana hana a ce maka bayan shekara ka rushe abin da aka amince da shi.

Sa duk abin da ka karanta cikin Zotero, kayan kwamfuta na adana madogara, tun ranar farko, da lambar shafi. Yawancin abin da ake kamawa a matsayin satar rubutu yana farawa ne daga bayanan da mutum ya kwafa shekara biyu baya ya manta ba nasa ba ne. Bayan an kāre, juri yakan ba da gyare-gyare. Yi su cikin makonni, ka ajiye kwafin ƙarshe, ka karɓi takardar zaman juri da shaidar nasara, domin su za a nema kafin ainihin digirin ya fito.

Wallafa

Kada ka jira tez ta ƙare. Maƙala ɗaya tambaya ɗaya ce da sakamako ɗaya, kuma tez mai kyau tana ba da biyu ko uku. ENS ta Marwa tana da mujallar Kaliao, ta Yawunde tana da Syllabus, shafin intanet na AJOL kuma yana tara mujallun Afirka da dama. ROCARE, ƙungiyar masu binciken ilimi ta yammaci da tsakiyar Afirka da aka kafa a 1989, da CODESRIA, cibiyar binciken zamantakewa a Dakar, da AUF, ƙungiyar jami'o'i masu Faransanci, wurare ne na sa ido don tallafi da taruka. Mujallar da ta aiko maka saƙo ba ka nema ba, ta karɓi aikinka cikin mako guda ba gyara, ta nemi kuɗi, kuma tana buga likitanci da noma da tarbiyya a fitowa ɗaya, guje ta. Kwamitin ƙarin girma yana iya ƙin ƙirga ta, kuma ba za ka iya sake buga wannan aiki a wani wuri ba. Duk maƙalar da ta fito, ajiye bangon mujallar da jerin editoci da jerin abin da ke ciki da lambar ISSN. Rubuta sunanka iri ɗaya ko'ina, ka buɗe ORCID, lambar shaidar mai bincike a intanet.

Samun gurbi da hawa matakai

Matakan a Kamaru huɗu ne: Assistant, Chargé de cours, Maître de conférences, farfesa. Assistant a kan kwangila yake, kuma ba wurin daɗewa ba ne. Ƙarin girma yana bi ta kwamitin CCIU, wanda yake duba shekarun aiki da wallafe-wallafe da ɗaliban da ka kula da su da rahoton koyarwa. Nemi takardar sharuɗɗan da take aiki ranar da aka ɗauke ka, ka tsara shekarunka a kanta. Gurabe suna zuwa ne a rukuni, kamar ɗaukar masu digiri na uku 2,000 da aka sanar a ƙarshen 2018 aka rarraba daga 2019 zuwa 2021, kuma akan sa iyakar shekarun haihuwa. Saboda haka dosiye ya kasance a shirye kullum: kwafin takardu daga bak zuwa sama da aka tabbatar, takardar haihuwa, takardar shaidar rashin laifi wadda ba ta wuce wata uku ba, tez, maƙaloli. Kafin gurbi ya fito, karɓi koyarwar wucin gadi a sashen, ka nemi shaidar awoyin a rubuce kowace shekara.

Masu karatu a Zariya ko Kano ko Maiduguri ko Yola su lura da abu biyu. Digirin waje yana buƙatar takardar daidaito daga MINESUP, ma'aikatar ilimi mai zurfi, kuma tana ɗaukar lokaci, don haka a nema da zarar an dawo. Sannan rubutun suna: Ousmanou a takardar haihuwa, Usman a digirin Nijeriya. Wannan kaɗai yana tsayar da dosiye. A yi rajista a can da rubutun takardar haihuwa harafi da harafi, in kuwa an riga an saɓa, a nemi takardar hukuma mai shaida cewa mutum ɗaya ne.

A Cadi tsanin ya ɗan bambanta. Bayan Assistant sai Maître-assistant, kuma ƙarin girma yana bi ta CAMES, majalisar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka masu Faransanci, mai hedikwata a Wagadugu, wadda kwamitocinta suke zama a Yuli. Akwai ENS a Njamena da Bongor da Abeshe, akwai cibiyar manhaja ta ƙasa, CNC, a Njamena, kuma tunda Faransanci da Larabci ne harsunan hukuma, mai iya aikin manhaja da duka biyun yana da daraja ta musamman.

Aikin da kansa

Ranar da aka ba ka ɗalibai, kada darasin dabarun koyarwa ya zama shifta. Sa kowane ɗalibi ya koyar da ɗan darasi na minti 5 zuwa 10 ga abokansa, kan dabara ɗaya tak, kamar yin tambaya ko amfani da allo. A ɗauka da waya, a kalla tare, a gyara, ya sake. Koya musu su yi shiru daƙiƙa uku bayan tambaya kafin su nuna mai amsawa, ka sa su ƙirga su ga yadda hannuwa suke ƙaruwa. Idan ka je duba su a sitaj, wato gwajin koyarwa a makaranta, ka zauna darasin daga farko har ƙarshe, ka duba littattafan yara uku daga layin baya. A ganawar bayan darasi bar shi ya fara magana, sannan ka ba shi abu biyu kawai da zai gyara kafin ka dawo. Wanda aka lissafa wa kurakurai goma sha biyar ba ya gyara ko ɗaya.

Idan aka kira ka rubuta manhaja, a fara da siffar ɗalibin da ake so a ƙarshen mataki, daga ita a fitar da ƙwarewa, sannan abin koyarwa, sannan yadda za a auna, sannan lokaci. A lokacin ne ake yawan yaudarar kai. Doka ta ce shekarar karatu mako 36 ne aƙalla, don haka darasin awa 4 a mako yana da awa 144 a takarda. Ɗauko kaye-da-tekis na makarantu biyar a Mayo-Danay ko Faro ka ƙirga awoyin da aka yi da gaske bayan an cire jarrabawa da bukukuwa da makarar buɗewa da ruwa. Idan an cika manhaja daidai da lissafin takarda, malamai za su tsallake babukan ƙarshe kowace shekara, ko su koma shifta don su ce sun gama. Ka nace a bar sarari, a kuma nuna wa malami a fili abin da ba a tsallakewa.

Kafin a buga jagorar malami, gwada ta haka: ba malamin da bai halarci taron bita ba darasi ɗaya daga ciki, kada ka yi masa bayani, ka zauna a baya da naka kwafin. Duk inda ya tsaya yana juya shafi, ko ya nemi kayan da makarantar ba ta da su, ko misalin ya ambaci abin da yaran ba su taɓa gani ba, sa alama. Maimaita da malamai biyar, biyu a gari uku a ƙauye. Shafin da uku daga cikinsu suka yi tuntuɓe a kansa, a sake rubuta shi a sake gwadawa kafin ya tafi maɗaba'a.